Tukunyar Shinkafa Ta Dawo Gida

PAK SUDIBYO: Salamu alaikum. Da ɗiyata Kinanti nake magana, ko kuwa na sake danna lambar mai gyaran famfo?

KINANTI: Wa alaikumus salam. Ni ce, Baba. Ina wuni?

PAK SUDIBYO: Lafiya lau, alhamdu lillahi. Yaya Surabaya? Yaya maigidan naki?

KINANTI: Lafiya ƙalau, yana gaishe ka. Baba, yau ne fa aka ce sakamakon...

PAK SUDIBYO: Jikata Laras fa? Ta daina riƙe alƙalami kamar mai shirin yanka kaza?

KINANTI: Ta daina. Baba, don Allah...

PAK SUDIBYO: Yaya gidan motsa jikin naku? Har yanzu mutane na biyan ku kuɗi don ku sa su ɗauki ƙarfe su mayar inda suka same shi?

KINANTI: Suna biya. Baba! Tun safe wayar nan tana hannuna. Me likitan maniyyata ya ce?

PAK SUDIBYO: Kinanti, tsawon shekarun da na yi ina shugabancin makaranta a nan Semarang, ban taɓa yarda ɗalibi ya ba da amsa kafin a gama karanta tambaya ba. To amma tunda kin matsa, ga shi a taƙaice: sukarin jinina ya sauka, likita ya sa hannu, sunana ya tabbata cikin maniyyatan bana.

KINANTI: Allahu akbar! Alhamdu lillahi! Baba, ka ci... me ka ce? Layin na yankewa.

PAK SUDIBYO: Ruwan sama ake yi. Cewa na yi kada ki yaba mini. Yabon nan kacokan na mahaifiyarki ne. Shekara goma sha wani abu muna layin kujerar Makka, saura ƙiris cikina ya zubar mana da ita, wannan baiwar Allah ta tsaya ta tare.

KINANTI: Ai na faɗa maka Mama ba ta wasa.

PAK SUDIBYO: Kin tuna kin ce da safe in bar shinkafa, in koma burodi mai duhu? To, ni da kaina na sa rigar batik mai zane ta zuwa biki, na tafi kasuwa, na sayo burodin gambang.

KINANTI: Gambang? Haba Baba! Wannan ai mazarƙwaila ce zalla da kirfa, an barbaɗa riɗi a kai!

PAK SUDIBYO: Duhu kika ce, kuma a duk kasuwar babu wanda ya fi shi duhu. Na kawo shi gida cikin alfahari. Mahaifiyarki ta karɓa. Ta gutsura, ta ɗanɗana, ta naɗe sauran ta aika wa yaran maƙwabta. Washegari ta ja ni kanti, ta sa tabarau. A gabana ta riƙa ɗaga burodi ɗaya bayan ɗaya tana auna nauyinsa a tafin hannu. Wanda ta matsa ya lotse kamar auduga, sai ta mayar. Sannan ta juya leda ta karanta abin da aka fara rubutawa cikin kayan haɗi. In ba cikakken garin alkama mai dusarsa ba ne a farko, ko ta ga sukari ya biyo baya kusa-kusa, sai ta ce, rini ne wannan, Malam, ba lafiya ba.

KINANTI: Wallahi ko ɗalibaina ba su iya wannan ba. Sau ɗaya fa na nuna mata ta waya.

PAK SUDIBYO: Sau ɗaya ya ishi mai basira. Sai dai an sami wata matsala, wadda ke ba ki hango ba. Na ci burodin da ƙwai, na sha shayi ba sukari, na goge baki, sannan na tambaya ina abincin safe.

KINANTI: Baba, shi ne abincin!

PAK SUDIBYO: Kinanti, ke ma a gidan nan kika tashi. Mutumin da bai ci shinkafa ba, ta yaya za a ce ya ci abinci? Burodi abin taɓa baki ne kafin a sauke tukunya. Haka na yi mako guda ina cin burodinki, in bi shi da shinkafata, ina mamakin yadda awo ya ƙi motsi.

KINANTI: Innalillahi. Sitaci kan sitaci ke nan. Me ya sa ba wanda ya gaya mini?

PAK SUDIBYO: Domin mahaifiyarki ta yanke hukunci da kanta. Ta zare tukunyar shinkafa ta lantarki daga bango, ta kai ta ajiya gidan Bu Tumini maƙwabciyarmu. Ta ce muddin ƙanshin shinkafa na tashi a gidan nan, ba zan yi haƙuri ba. Ki duba girman wannan al'amari: mace mai shekara sittin da takwas, a yi baƙo a gidanta babu shinkafar da za ta zuba masa! Ta jure surutun unguwa, kullum bayan asuba ta tasa ni gaba zuwa fili, muna zagaye don sabawa da ɗawafi. Har ma'aikaciyar jinyar da ta ɗaura mata ruwa ɗazu cewa ta yi ba ta taɓa ganin...

KINANTI: Dakata. Wa aka ɗaura wa ruwa?

PAK SUDIBYO: Ruwan sama na ce, ai kina jin...

KINANTI: Baba, layin ya washe sarai. Wa aka ɗaura wa ruwa?

PAK SUDIBYO: To. Na so in tsara miki maganar daki-daki. A ƙofar asibitin, bayan an miƙo mini takardata, jiri ya kwashi mahaifiyarki ta zube. An duba ta, an sallame mu, yanzu haka tana kwance a ɗaki.

KINANTI: Subhanallahi! Shi ne ka tsaya tambayata alƙalamin Laras? Me ya same ta?

PAK SUDIBYO: Likita ya ce yunwa ce. Ta rame, jininta ya yi ƙasa. Ashe duk watannin nan ni take yanka wa burodi biyu, da dankali ko masara da rana, ita kuwa ganye da ɗan kifi kawai. Burodin mai kyau yana da tsada, sai ta bar mini. Safiyar Allah kuma da cikin wofi take bin fili.

KINANTI: Wayyo Mama! Ragewa na ce, ban ce a daina ba, kuma kai na ce wa, ba ita ba! Mai tafiyar ƙafa kullum dole jikinsa ya sami sitaci, shi ne man da yake ƙonawa. Kai ba ka lura ba?

PAK SUDIBYO: Cewa take ta ci a kicin. Ban taɓa kama ta da ƙarya ba, balle in bincika. Yanzu ga inda muke: likita ya riƙe takardarta. Mako mai zuwa zai sake auna ta. In bai ga ƙarfi a jikinta ba, bana babu ita.

KINANTI: Ita me ta ce?

PAK SUDIBYO: Ta ce in tafi in yi mata addu'a. Na ce mata ƙafata ba za ta taka jirgi ba sai tata na gaba. Ta kuma ce ba za ta ci shinkafa ina kallo ba, wai za ta rushe abin da ta gina.

KINANTI: To ku ci tare mana! Baba, saurara da kyau. Jar shinkafa, ba fara ba. Kai gwargwadon dunƙulen hannunka, sau ɗaya da rana, ka fara cin ganye da tempe na waken soya kafin ka taɓa ta. Ita ta ci har ta ƙoshi, safe da rana da dare. Kafin ku fita fili, kowa burodi da ƙwai, ita a ƙara mata ayaba. Gobe ka nuna wa likitan wannan tsarin, ni kuma zan shigo jirgin ƙasa na safe. Yanzu aika a karɓo tukunyar.

PAK SUDIBYO: Ba a aika ba. Ni na je, a cikin ruwan nan, na rungumo ta kamar jariri, unguwa na leƙe ta taga. Jar shinkafar ma Bu Tumini ta auno mini. Dalilin kiran nawa ke nan, a gaskiya. Ina tsaye a kicin. Ruwa nawa ake zubawa?

KINANTI: Kai ne a kicin? Baba, ka ma san inda ake kunna fitila?

PAK SUDIBYO: Ban kira don a yi mini ba'a ba. Na wanke ta, na zuba. Faɗi ma'auni.

KINANTI: Ɗora kan yatsarka a saman shinkafar. Ruwan ya kai gaɓar farko, ka ɗan ƙara tunda ja ce.

PAK SUDIBYO: Gaɓar yatsa? Wannan ai ba ma'auni ba ne na ilimi. Wace yatsar? Manuniya ko... Ranki ya daɗe, wa ya ce ki tashi? Koma ki kwanta! Kinanti, ga ta nan a bakin ƙofa, ta dafa bango.

KINANTI: Ba ni ita! Mama! Mama, kina ji na?

PAK SUDIBYO: Ta ce ba za ta karɓa ba, za ki yi mata faɗa. Wai kuma yatsata ta fi tata tsawo, kunu zan dama mana. A'a, ba zan matsa ba, yau ni ke da kicin. Me kika ce? Nawa? Kinanti, cewa ta yi in sauko da faranti biyu. Ina ake ajiye faranti a gidan n...

KINANTI: Baba? Hello? Baba!