Wutsiyar Jan Kifi

A tashar Hadejia, layin motocin Birniwa, wani dattijo ya leƙa bokitin da wata mata ta rungume.

"Hajiya, wannan jan kifin ai ko miya ba zai yi ba."

"Na ado ne, Baba. 'Yata ce ta bar mini amanarsa da aka kai ta ɗaki. Dubi wutsiyar nan! Kwanaki duk ta yayyage, maigida ya ce ciwo ne, in zubar da shi."

"Ruɓewa ta yi?"

"Ina! Da ruɓa ce, da bakinta ya yi fari-fari. Na ce wannan cizo ne. Na zauna na zuba wa akwatin gilashin ido, sai ga karfasar da shi maigidan ya kawo daga kogi, wai ta taya kifin zama, tana ta yagarsa. Na raba su, ina sauya ruwa, ina ɗan barbaɗa gishiri. Ga shi ta tofo! Yau 'yata za ta gani da idonta."

"Karfasar fa?"

"Na soya wa maigida. Sai da ya suɗe hannu na gaya masa."