Allurar "Ke" Ashe Ba Tawa Ba Ce

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Daga Magarya nike rubutowa, baki har kunne!

Ɗiyata ta haihu asibiti, sai malamar jinya taɗ ɗauko allura tac ce, "Inna, bitamin ke za a yi." Nic ce, "Ni? Mi niy yi?" Tay yi dariya, tac ce K sunan bitamin ɗin ne, jinjiri aka yi ma, don jininai ya riƙa daskarewa. Sai nit tuna zubar jinin cibiya tat tafi da ɗana na fari.

Yau munka yi suna, jikana lafiya lau! Wadda tah haihu gida fa, ina za ta samu wagga allura?

Ina gaida matan Magarya. In anka ce "ke", kar ku gudu, ku miƙa jinjirin!