Tuluna a Hannun Maman Chidi

'Yan'uwa, gaisuwa gare ku cikin sunan Yesu mai rai. Ni ce Rifkatu, mai buga tulu a zumuntar mata.

Kun san ciwona, ba ɓoyayye ba ne. Taɓin hankali gare ni, nakan ji muryoyin da ba kowa ke ji ba. Abin da ke riƙe da ni shi ne magani da kuma tulun nan. In ina bugawa, muryoyin sai su yi tsit.

Sai korona ta zo, aka kulle Kano. Ba sujada, ba adaidaita sahun zuwa asibiti. Maganina ya ƙare. Na daina wanka, na daina girki, ina ɗaki a Sabon Gari muryoyin suna ce mini ba wanda ya damu da ni.

Rannan aka turo waƙa a zauren zumunta na waya, mata kaɗan sun taru sun rera. Ina jin bugun na gane tuluna ne da na bari a coci. Wa ke bugawa? Maman Chidi, mai sayar da atamfa a Fagge! Wayyo, kishi ya ci ni. Ga ta da miji, ga 'ya'ya, ga lafiyayyen kai, tulun ma sai ta haɗa da shi? Bugun nata ma kamar ana daka sakwara. Har masu korona na yi wa kishi, su ana yi musu addu'a a rediyo, nawa ciwon ba mai ambatarsa.

Na durƙusa ina kuka, na ce wa Yesu in shi ma ya ba wata gurbina, to ya faɗa mini kawai in sani.

Ranar da aka sassauta kulle domin cefane, aka buga ƙofa. Maman Chidi ce da takunkumi a fuska, tulun a goye da zani, maganina a leda. Ashe ta bar cefanenta ta bi layin asibiti da katina da matar fasto ta ba ta.

Ta ce, "Karɓi kayanki, Rifkatu. Riƙe miki na yi, kada a ba wata."

Kunya ta rufe ni. Na sha magani, a hankali muryoyin suka ja da baya.

Na gode wa Ubangiji! Ku dogara gare shi, mai magani kuma ya sha maganinsa. Maman Chidi, zo ki ɗora mana waƙa, tulun dai ki bar mini.