Goro da Numfashin Binta

Assalamu alaikum mai gabatarwa, da fatan kana lafiya. Ni ne Sule, mai sayar da goro a kasuwar Kankiya.

Bana matata ta haifi 'ya bakwaini, muka sa mata suna Binta. In barci ya ɗauke ta, sai numfashinta ya tsaya, har sai an murza tafin ƙafarta. A asibiti aka ba mu maganin ɗigawa a baki. Nas ta ce mani abin da ke cikinsa dangin wanda ke cikin goro ne, shi ke tuna wa jariri ya ja numfashi.

Tun ranar, in ina yayyafa wa goro ruwa, sai hankalina ya tafi. Ina ganin Binta ta girma tana gudu cikin gonarmu ta Mawashi, ina ganin kaina ina zaɓen farin goron ɗaurin aurenta.

To, Inna mahaifiyata ta ji labari. Ta ce tunda goro ne, za ta tauna ta ɗiga mata ruwan. Nas ta hana, ta ce na asibiti awo gare shi, in ya zarce illa ne. Inna ta dube ni ta ce, "Da na raine ka, mutuwa ka yi?"

Jama'a, yaya zan hana Inna ban saɓa mata ba? Ni dai so nake Binta ta kai ranar da za a raba goronta.