Hula da Tabarau na Kyamarar Malam Kabo

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Shugaban wannan taro, Alhaji Rilwanu, Allah ya ƙara girma. Sarkin Zango da 'yan majalisarsa, Allah ya ja zamani. Limamanmu da malamanmu, Allah ya gafarta. Wakilin Naaba, basaraken Mosawa, na wannan unguwa, da maƙwabtanmu Mosawa waɗanda muka sha famfo ɗaya muka yi makoki ɗaya. Iyayena 'yan kasuwa da direbobi, na nan da waɗanda suka zo mana daga Nijar. Samari da 'yan mata masu sha'awar aikin hoto. Sai kuma iyayena mata da ke can baya ƙarƙashin rumfa, waɗanda nake roƙon a juya musu lasifika ɗaya, domin rabin maganata ta yau tasu ce. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Fa'iza, ina da shagon hoto a Paspanga, kuma ni 'yar Malam Kabo mai hoto ce, wannan dattijon da ke zaune a gaba da sanda a hannu. Ina godiya ga duk wanda ya ciro hoto daga bangon ɗakinsa ya ba mu aro muka rataya a kan igiyoyin nan. Ina godiya ga waɗanda suka taso daga Waga 2000, da waɗanda suka taso daga bayan gari a kan moto da tsofaffinsu a goye. An ce in yi magana a kan yadda masu tsofaffin kyamarori za su sami kayan bakin ido da araha. Zan yi, amma ku yi mini haƙuri, ba zan iya yin ta ba sai na bi ta cikin gidanmu.

Magana ta farko, mu san abin da muke magana a kai. Ga shi a hannuna. Wannan baƙin zoben ƙarfe mai buɗaɗɗen baki, Baba yana ce masa hula. Wannan gilashi ruwan ɗorawa da ke ɗaure a gindinsa, yana ce masa tabarau. Kyamarar Baba ta girme ni, kuma idonta irin na da ne, ba ya jure haske kamar na yanzu. Idan rana ta bugo shi ta gefe babu hular da za ta yi masa inuwa, hoto ya kan fito a koɗe kamar zanen da ya sha wanki. Shi kuma tabarau, aikinsa a hoton baƙi da fari shi ne ya ɗan duhunta sararin sama. Mu mutane ne masu son farin kaya, kuma garinmu gari ne mai farin sama. In babu wannan gilashi, rawanin liman da sararin Allah abu ɗaya suke zama, a ga gemu a rasa kai. Shi ya sa duk shekarun da Baba ya yi yana ɗaukar sunayenku da bukukuwanku da dawowarku daga Makka, ba a taɓa ganin ya fito da ita haka kawai ba. Cewa yake yi, "Ba na fitar da ita kai babu hula, ido babu tabarau. Ita ma 'yar mutunci ce."

Magana ta biyu, yadda suka ɓata da yadda aka neme su. Manya a cikinku sun tuna ranar da aka tashe mu daga tsakiyar gari, ta wajen Kuluba, ranar da kowa ya ɗora rayuwarsa a kan kamiyo, wato babbar mota, ko keken jaki, maƙwabci ya yi gabas maƙwabci ya yi kudu. Baba ya rungume kyamara a ƙirji bai bari kowa ya taɓa ba, amma hula da tabarau, waɗanda ya kwance ya ɗaura su wuri guda, ba su iso sabon gida tare da shi ba. Ya duba jaka, ya duba aljihu, ya haƙura. Shago ya riga ya tafi, kowa ya fara ɗaukar hoto da wayarsa, sai ya naɗe kyamara a tsumma ya ajiye.

Shekaru suka shuɗe, har likita ya gaya masa cewa idanunsa suna rufewa, irin rufewar da aiki ba ya buɗewa. A nan ne buri ɗaya ya shiga ransa. Yana so, tun yana gani, ya tara duk wanda ya rage daga tsohon Zango, maza da mata, Bahaushe da Bamoshe, a tsaya sahu a fili bayan sallar idi, ya ɗauke su hoto guda da kyamarar da ta ɗauki aurensu. Ba don sayarwa ba, ba don suna ba, sai don jikokinmu su ga cewa waɗannan mutane sun taɓa zama unguwa ɗaya.

Ya kai maganar majalisarsu ta ƙofar masallaci. Iyayena na majalisa, kuna nan zaune, ku yafe mini, sai na faɗa. Mu jikokin fatake ne, kakanninmu da goro da tufafi suka zo garin nan, kuma har yau jinin yana nan: duk abin da muka rasa, gani muke yana bayan wata iyaka, sai an ɗaura kaya an je an ɗauko. Kawu Mannir direba ya je Lome ya dawo da wani sabo fil a kwalinsa, aka gwada, ya yi wa idon faɗi kamar an sa wa jariri hular babansa. Aka yi saƙo Kumasi, aka kawo wanda ya yi daidai, sai ga shi ja ne wur. Aka samo na ainihi a waya, a wani kanti na Turai, amma da aka haɗa da kuɗin aikowa da na duwan, wato kwastam, ya kai ragon layya. Majalisa ta ce, "Haba, ɗan gilashin nan? A dakata, za a samu mai sauƙi." Malam Illiya maƙeri, Allah ya saka masa, ya ƙera hula da gwangwanin tumatir, ya shafe cikinta da baƙi, ta yi aiki. Amma gilashi ba a ƙera shi a maƙera. Har ledar alewa aka manna, fuskoki suka fito kamar ana kallonsu a ƙasan rijiya.

Da salla ta zo ba a samu ba, suka matsa masa ya gwada haka nan. Hoton yana can ƙarshen igiya ta hagu, na rataya shi da gangan, ku je ku duba. Za ku ga riguna, za ku ga hannaye, amma sahun baya duk sama ta cinye kawunansu. Baba ya ce ba wannan ba ne, a jira wata sallar. Wata sallar ta zo ana jiran mai sauƙi, wata ma ta bi bayanta.

Duk wannan nema, daga Lome har Turai, bai taɓa tsallake zauren gidanmu ya shiga ciki ba. A al'adarmu maganar sana'ar namiji a waje take kwana. Ni ma Baba ya hana a gaya mini, wai zan ce ya zo ya ɗauka da tawa ta zamani a huta. Kuma ya san 'yarsa, da haka zan ce.

Bara da damina na je gaishe su. A lokacin idanun Baba sun gama rufewa. Innata Hajjo, ga ta can a rumfa tana rufe fuska, ta ce, "Fa'iza, zo ki saka mini zare, idona ya gaji." Ta buɗe adudunta ta ɗauko wani ɗan baƙin kofi mai gindin gilashi, cike da allurai da maɓallai. Na ce, "Inna, ina kika samo wannan?" Ta ce, "Ranar tashi na tsince shi a bakin ƙofa. Na ga kyakkyawa ne, na ce ya yi zuba allura." Ni dariya ma na yi, don ban san komai ba. Na juye allurai a kan tabarma, na fita zaure inda Baba ke zaune da Kawu Mannir, na ce, "Baba, buɗe hannu, ka faɗa mini mene ne wannan."

Jama'a, da na san abin da zan gani da na yi sallama na koma. Ya shafa, ya sake shafawa, yatsunsa suka kwance tabarau daga hula ba tare da kuskure ba. Ya ɗaga gilashin sama wajen haske kamar yadda ya saba yi kafin aiki, sai ya tuna, ya sauke hannu a hankali. Ya ce, "Fa'iza, ruwan ɗorawa ne har yanzu?" Na ce, "Eh, Baba." Kawu Mannir ya ɗora hannu a ka yana salati, daga nan na ji labarin duka. Inna tana tsaye bakin labule, ta ji da kunnenta. Ta ce, "Malam, ina ganinka kana ramewa, na zaci ciwon ne. Ai da ka tambaye ni." Bango ɗaya ne tsakanin adudun nan da inda yake zama kullum.

Ina baƙin ciki, kuma ba zan ɓoye ba. Ina baƙin cikin idon da ya rufe yana jira. Ina baƙin cikin Malam Rafi'u ladan, wanda ya ɗinka sabuwar riga don wannan hoto, aka yi masa sutura bai sa ta ba. Ina baƙin cikin Iya Indabo mai fura, da Baba Boukari mai gyaran keke, wanda ya fi wasu Hausawan jin Hausa. Duk suna da rai lokacin da aka fara nema, kuma babu ɗayansu da kansa ya fita a wancan hoto na ƙarshen igiya. Ba na ɗora wa kowa laifi, kowa alheri ya nufa, kuma rai da ido na Allah ne. Amma an jira araha har abin da ake so a ɗauka ya ragu.

Magana ta uku, taku ce, matasa da kuka ɗauko kyamarorin kakanninku kuna sa musu fim. Kada ku sayi komai sai kun auna bakin idon, domin na da kowane kamfani da nasa awo, kuma wanda bai shiga da laluma ba kada ku matsa masa, zaren bakin za ku kashe. Idan kuna da ido fiye da ɗaya, ku sayi tabarau ɗaya mai faɗi, ku nemi zoben haɗi, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Hula kuwa ba ta cancanci ku wahala ba, Malam Illiya yana nan da ransa. Ku dai leƙa ku tabbata ba ta yi tsawon da za ta baƙanta kusurwoyin hoto ba. Ku riƙa tona kwandunan masu gwanjon Turai, sau da yawa matacciyar kyamara tana zuwa da lafiyayyen gilashi a bakinta, mai kaya bai ma kula ba. Ku ɗaga shi a haske ku duba tsaga da tabo kafin ku taya. In kuma abu ya zama na gaggawa, in akwai tsoho a cikin lissafin, to ku haɗa hannu ku saya ko da tsada, a yi ciniki a kan wani abin.

Amma kafin Lome, kafin Kumasi, kafin waya, ku shiga cikin gida ku yi sallama ku tambaya. Iyayena mata, yanzu gare ku na juyo. Zango ya yi masu hoto da yawa, sun rasu, an raba gado, an ba maza kyamarori, ƙananan tarkace kuma suka faɗo wajenku, domin ku ne ba kwa zubar da komai. Tun da na fara yawo gida gida na ga hula an kafa kaskon turare a kanta, na ga koren tabarau a cikin gwangwanin 'yan kunne, na ga wani an rufe kwalbar man shafawa da shi. Ba ku yi laifi ba, ku kuka tsare mana su. Ina roƙonku, ku buɗe adudu, ku buɗe kwalla, ku zazzage tsofaffin jakunkuna. Duk zoben ƙarfe mai zare a baki, duk gilashi mai launi, ku kawo. Mun ajiye akwati a shagona, za mu tara su, wanda yake bukata ya ara ya yi aiki ya mayar, kada wani ya sake zaman jiran abin da ke maƙwabtansa. Ku kuma iyayena maza, idan abu ya dame ku, ku faɗa a gida. Ba ya rage girma.

Ranka ya daɗe shugaban taro, da izininka ina da roƙo na ƙarshe. Idan an shafa addu'a kada kowa ya tashi ya tafi. Duk wanda aka haifa ko ya yi aure a tsohon Zango ya fito fili ya tsaya, mata su zo gaba, yau ba a baya za su tsaya ba. Kujerun nan da kuka ga babu kowa a kansu a bar su yadda suke, na masu su ne da suka riga mu, da su za a ɗauka. Ga kyamara can a kan ƙafafunta tun safe. Ni zan leƙa in daidaita, amma ba ni zan ɗauka ba. Igiyar dannawa tana hannun mai ita.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya haskaka kabarinsu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba iyayenmu haƙuri da kyakkyawan ƙarshe. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya tsare direbobinmu a kan hanya, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Allah ya sa mu riƙa tambayar juna tun da sauran lokaci.

Baba, ga hula zan ɗaura mata, ga tabarau zan sa mata a ido, sama kuma ta yi kyau irin yadda kake so. Inna za ta kama hannunka ta kai ka. Idan na ce yanzu, sai ka danna.

Na gode.