Dorina a Gonar Shinkafata

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ina rubuto muku daga Gulma.

Ranar Talata da safe na tarar da dorina da ɗanta suna kiwo cikin shinkafata. Na kama buga gwangwani, yadda muke korar tsuntsaye. Sai ta wage baki, ta nufo ni. Ashe tsakaninta da gulbi na tsaya. Yayana ya ƙwalla mini kira: "Kai Sani, bar kiɗan nan, ba ta hanya!" Na daina kiɗan, na kauce, ta wuce.

Har yau ban sani ba, shiruna ya cece ni ko kaucewar? Shinkafa ta nuna, na kasa komawa girbi. Masu sauraro, in muka sake haɗuwa da dorinar, me zan yi?