Jiƙon da Ba na Mama Ba

Alheri da salama su tabbata a gare ku, 'yan'uwana, cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Briskila. Ina zaune a unguwar Perry Barr a nan Ingila, aikina kuwa kula da tsofaffi gida-gida. Mama Pasto ta fi shekara tana bina in ba da wannan shaida, ina zille mata don kunya. Yau dai na gaji da gudu.

Ni ɗin nan da kuke gani da ɗankwalin zumuntar mata, shekara uku na yi ina shan giya safe da rana da yamma, har ta kusa cinye mini hanta, ban kuwa san ina sha ba. Na ga wasu sun ɗago kai. Ku bari in faɗa muku yadda aka yi.

A wani ƙauye kusa da Kaltungo aka haife ni. Babana burkutu ce ta kai shi kabari ina 'yar shekara tara. Tun daga ranar na yi wa Allah alkawari giya ba za ta taɓa bakina ba. Ko gidan biki na je na ga ana sha, sai in ɗauke kai kamar na ga kashi. Na yi fahariya da wannan ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Mamana ce ta riƙe mu. Tana da wani ɗan tulu a bayan ɗaki inda take jiƙa ɓawon maɗaci da saiwoyi da tsamiya a ruwan rijiya. Zazzaɓi ne, jiƙo. Ciwon ciki ne, jiƙo. Ko faɗa ka yi da wani ka shigo kana kumbure-kumbure, sai ta ce cikinka ne da datti, zo ka sha. Takan riƙe mini haɓa da hannu ɗaya, ludayi a ɗayan, tana cewa, "Rufe ido, Biri, haɗiye." Ita kaɗai ce take kirana Biri a duniya.

Mama ta rasu ina nan Ingila. Takarduna suna hannun hukuma a lokacin, in na fita ba dawowa. A waya na kalli jana'izarta, ƙanwata na riƙe da wayar, hoton yana tsayawa yana tafiya. Ana shirin saka akwatin a rami layin ya yanke. Washegari na sa rigar aiki na tafi wanke wa uwar wani jiki.

A shekarar ce 'yata Godiya ta shiga jami'a a Manchester, ta kama ɗaki a unguwar Fallowfield. Na je dubo ta, muka halarci wani suna, a can na haɗu da wata mata 'yar wajenmu mai sayar da jiƙo a kwalba. Ba takarda a jikin kwalbar, bakinta ne takardar. Ta ce yana maganin basir, da shawara, da sanyin ƙashi, da ciwon baya, da hawan jini, har da yawan tunani. Ta zuba mini a murfi.

'Yan'uwa, ɗacin nan na sauka a harshena na ji hannun Mama a haɓata. A tsakiyar gidan mutane na fashe da kuka. Na ji wani ɗumi ya bi mini ƙirji, na tambaye ta, ta ce citta ce da kanumfari. Na tambayi sunayen itatuwan duka, ta lissafa mini. Abu ɗaya ne ban tambaya ba: a cikin me aka jiƙa su. Ni a sanina jiƙo da ruwa ake yi. Wadda ba ta taɓa ɗanɗana giya ba, ina za ta gane ta a bayan maɗaci?

Kun san yadda shekarun nan suka kasance. Hukumar gari, wato Council, ta rage kuɗin kula da tsofaffi, aka mayar da ziyararmu minti goma sha biyar. A cikinsu za ki tayar da tsohuwa, ki wanke ta, ki ba ta shayi da ƙwayoyinta, ki ruga ki tari bas. Bayana ya riƙe, gwiwoyina suka kumbura. Ganin likita kuwa, sai ki buga waya ƙarfe takwas na safe ki yi ta jira, ni kuma a lokacin ina gida na uku. Sai jiƙo ya zama likitana. Daga murfi ɗaya na koma rabin kofi. Na sami ƙaramar kwalba ina ɗurawa ina sawa a jaka. In na sha, ciwon yakan lafa, kuma Mama takan matso kusa. Gaskiyar magana, don wannan na biyun nake sha.

Godiya ce take ɗauko mini daga Manchester duk ƙarshen wata. Za ta ajiye jakar a kicin ba ta ko kalle ni ba. Da tana kwana biyu, sai ta koma kwana ɗaya, daga baya ta koma juyawa a ranar. "Mummy, ina da assignment," in ji ta. Na ce a raina yaran ƙasar nan ba su san darajar uwa ba.

A shekara ta uku idona ya yi rawaya. Na duba madubi na ce shawara ce, ai kuwa ga maganinta a gida, sai na ninka. Da na fara amai da safe, hannuna yana rawa har cokali ya gagare ni, dole na nemi likita. Aka ɗebi jini. Ranar sakamako na tarar likitan wani matashi ne Bazazzagi, Musulmi, mai ladabi. Ya ga inda aka haife ni a takarda, sai ya juya Hausa.

"Anti, ki yi haƙuri da tambayar da zan yi. Kina ɗan taɓa shan giya?"

Raina ya ɓaci nan take. Na ce, "Don ka ga sunana Briskila? An ce maka duk Kirista mashayi ne?"

"Wallahi ba haka ba ne, Anti. Hantarki ce take faɗa, ba ni ba. In ba a daina abin da ke cinta ba, ba za ta kai ki nisa ba. Akwai wani magani da kike sha?"

Na ce babu. A wurina magani shi ne wanda ke zuwa a kwali daga kyamis, jiƙo kuwa abin gida ne. Na ɗauki jakata na fita ko sallama ban yi masa ba. A tashar bas na kurɓi jiƙona don in huce.

Cikin tsofaffin da nake dubawa akwai wata Baturiya, Dorin, a hawa na tara a wani dogon bene a unguwar Ladywood. Ta kusa casa'in, ido ya yi rauni amma hanci da baki suna nan daram. A tagarta akwai jerin tsofaffin kwalabe, kore da shuɗi da ruwan ƙasa, waɗanda marigayi mijinta ya tono lokacin da ake rushe tsofaffin gidajen unguwar. Na zamanin Sarauniya Biktoriya ne, rubutun a jikin gilashin yake. Nakan karanta in yi dariya: wannan na tari da ciwon kai da ƙarancin jini, wancan na ciwon mata da baƙin ciki. Na ce ashe Turawa ma sun yi zamanin mai magani a tasha.

Kwana biyu bayan ganin likita, na sunkuya ina sa mata safa, sai ta ja numfashi ta ce, "Kina warin kakata."

Na ce, "Wane irin wari?"

Ta nuna taga da hannu. "Ɗauko mini mai ruwan ƙasar nan. Irinta kakata take sha. Mace ce ta majami'a, ta sa hannu a takardar rantsuwa ba za ta taɓa giya ba, takan tsaya ƙofar mashaya tana yi wa maza wa'azi. Amma kullum sai ta sha maganin ƙarin jininta, cokali uku, daga baya kofi. Rabinsa giya ce, ba wanda ya gaya mata. Masu sayarwa ba sa rubuta abin da ke ciki a lokacin. Ta mutu idonta kamar ƙwaiduwa, tana cewa jininta ne bai isa ba."

Na yi dariyar yaƙe, na ce nawa itatuwa ne daga gida, irin na mamana.

"Yana jakarki? Kawo. Kawo cokali da ashana."

Minti goma sha biyar ɗina sun riga sun ƙare, amma na kawo. Ta sa na zuba a cokali, na ɗan ɗumama shi, na kyasta ashana a kai. Wata siririyar wuta shuɗiya ta tashi a kan jiƙon, tana ci a hankali. Na tsaya riƙe da cokalin har ta mutu.

Dorin ta ce, "Na mamanki yana kamawa da wuta?"

Lif ɗin benen ya lalace a makon. Na fara sauka ta matakala, a hawa na shida na tsaya. Na zauna a kan siminti da rana tsaka, na ce, "Ya Yesu, ga ni. Na raina babana shekara arba'in, ashe hanyarsa nake bi da Littafi a hannu. Ka gafarta mini girman kai. Amma Ubangiji, in na bar kwalbar nan, ina zan ƙara samun Mama? Ba ni da kabarinta, ba ni da muryarta, ɗacin nan kaɗai ya rage mini." Ban ji wata murya daga sama ba, ba zan yi ƙarya a gidan Allah ba. Abin da na sani shi ne na yi kukan da ban samu na yi ba ranar jana'iza, kuma na ji ba ni kaɗai ba ce a matakalar nan. Da na tashi, na san inda zan nufa.

Na koma wurin likitan nan na ajiye masa kwalbar a tebur, na roƙe shi gafara. Ya shinshina, ya ce, "Anti, ai wannan ko mota ya tayar." Ya gargaɗe ni kada in yanke lokaci ɗaya, yana da haɗari. Suka ɗora ni a kan hanya, a hankali, da magani da masu ba da shawara. Watannin nan ba su yi daɗi ba. Na yi rawar jiki, na yi gumi, na yi masifa. Matan zumunta uku da na gaya wa suka riƙa zuwa suna zama da ni suna addu'a. Bayan shekara ɗaya likita ya ce hantata ta farfaɗo, tabon da ya rage zan iya rayuwa da shi. Yabo ya tabbata ga Ubangiji.

Wadda na fi jin nauyin gaya wa ita ce Godiya. Na hau mota na same ta a Manchester, muka zauna a bakin gadonta, na faɗa mata duka. Da na gama, sai ta ce:

"Mummy, na sani tun kwalbar farko. Da students nake zaune, na san warin. Na zaci kin sani, kina ɓoyewa ne da sunan magani."

"Shekara uku, Godiya? Kina ɗauko mini da hannunki? Me ya hana ki magana?"

"Ta yaya zan kalli idonki in ce miki haka?" Ta share hawaye da hannun riga. "Kuma sai kin sha ne kawai kike ba ni labarin Kaka. In ba ki sha ba, ko sunanta ba kya kira."

A ranar, da idona biyu, ba ko ɗigo a cikina, na ba ta labarin kakarta tun daga azahar har motar ƙarshe ta wuce ni. Na kwana a ɗakinta.

Har yau ban taka kabarin Mama ba, kuma kewarta ba ta ragu ba ko kaɗan. Na daina roƙon Allah ya cire mini ita. Abin da ya cire mini shi ne abin da ke kashe ni, ya bar mini raina da 'yata, na gode masa da dukan zuciyata. In akwai wani a cikinmu da yake haɗiye wani abu a ɓoye don kewar gida, kada ya jira idonsa ya yi rawaya. Ya kawo wa Yesu kewar yadda take, ya kuma gaya wa wani a cikinmu. Yesu mai aminci ne, ya riƙe ni, zai riƙe ku. Amin.